Kuɗin gwamnati, gonar manomi, ruwan kowa: fashin baƙi kan shirye-shiryen kare ƙasa da ciyawa da ruwa

A Amurka, duk shekara gwamnatin tarayya takan raba wa masu gonaki kuɗi kusan dala biliyan 2 a kan sharaɗi guda: kada su noma wani yanki na gonarsu. Su shuka masa ciyawa ko itatuwa, su ɗauke garma daga kansa har shekara 10 ko 15. Ƙasar Sin ta yi irin wannan, ta biya miliyoyin ƙananan manoma da hatsi da kuɗi don su daina noman gangaren duwatsu. Tarayyar Turai ma tana ware wani kaso na tallafin noma ga manomin da ya yarda ya rage taki, ko ya jinkirta yankan ciyawa har tsuntsaye su gama ƙyanƙyasa. Duk wanda ya ji wannan karo na farko zai tambaya: a duniyar da ake fama da yunwa, ina hikimar biyan mutum don ya rage noma?

Amsar tana cikin wata matsala da ke tattare da noma ko'ina ake yinsa. Ƙasar da ruwan sama ya kwashe daga gona ba ɓacewa take yi ba. Takan je ta cike kogi, ta rage zurfin madatsar ruwa, ta jawo wa wani gari tsadar tace ruwan sha. Takin da shuka ba ta sha ba shi ma bin ruwa yake yi, ya sauka wurin mutanen da ba su taɓa ganin gonar ba. Manomin da ya ce zai hana wannan kuwa, shi kaɗai zai ɗauki asara: filin nomansa ya ragu, ya sayi irin ciyawa, ya kafa shinge, ya ɓata lokacinsa. Amfanin na masunci ne a bakin teku, da mai buɗe famfo a birni, da jikokin da ba a haifa ba tukuna. Babu kasuwar da manomi zai kai tsabtar kogi ya sayar. Tunda jama'a ne ke cin moriyar, sai aka ce jama'a su biya ta hannun gwamnati. Ni dai ban ga aibin wannan hujja ba. Inda gizo ke saƙa shi ne abin da kuɗin ke saya a zahiri, da kuma ko abin da aka saya yana daɗewa.

Amurka ta fi kowa daɗewa a harkar, kuma bala'i ne ya tura ta. Lokacin Yaƙin Duniya na Farko alkama ta yi daraja, sai manoma suka far wa faffaɗan filayen ciyawa na tsakiyar ƙasar da garma da tarakta, suka kafce miliyoyin eka. Saiwar ciyawar nan ce ke riƙe da ƙasa shekaru dubbai. Da fari ya zo a shekarun 1930, ƙasar ta bushe, babu abin da zai riƙe ta, iska ta kwashe ta. Ranar 14 ga Afrilu, 1935, wata baƙar guguwar ƙura ta rufe sassan Oklahoma da Texas da Kansas har rana ta koma dare, kuma kafin ta wasu guguwowin sun kai ƙurarsu har birnin Washington. Ranar 27 ga wannan watan Shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu a dokar da ta kafa hukumar kare ƙasa a ƙarƙashin Ma'aikatar Noma, aka ba Hugh Hammond Bennett shugabancinta. Ita ce aka sauya wa suna a 1994 ta koma NRCS. Tsakanin 1934 da 1942 kuma aka dasa itatuwa sama da miliyan 200 jeri-jeri don su karya ƙarfin iska.

Tun daga nan aka kafa ƙa'idar da har yau ake kai: ba a tilasta wa manomi. Gwamnati ta kawo malamin gona da kuɗi, manomi ya shiga in ya ga dama.

Shekara arba'in ba ta cika ba aka manta da darasin. A 1972 Tarayyar Sobiyet ta sayi hatsin Amurka mai yawan gaske, farashi ya yi sama, Sakataren Noma na lokacin, Earl Butz, ya riƙa kiran manoma su noma gona daga shinge zuwa shinge. Aka tone ciyawa, aka sare jerin itatuwa, aka ci bashi aka sayi filaye. Da shekarun 1980 suka shigo farashi ya faɗi, manoma da yawa suka karye, ga zaizaya ta dawo. Dokar noma ta 1985 ce ta haifi shirin CRP, wato na ajiye gona, wanda muka faro bayani da shi. Ya kamata a lura cewa buri biyu aka haɗa a cikinsa: a ceci ƙasa, a kuma rage yawan hatsin da ya cika kasuwa don farashi ya ɗaga. Wannan haɗin gambiza shi ya sa shirin ya samu karɓuwa a majalisa, shi ne kuma rauninsa, kamar yadda za a gani. Dokar ta kuma zo da sharaɗi mai ɗan haƙori: manomin da ke noma ƙasa mai saurin zaizaya ba tare da tsarin kariya ba, ko wanda ya tsane fadama ya mai da ta gona, zai rasa tallafin gwamnati.

A CRP gwamnati haya take biya. Mai gona ya kawo tayin filinsa da kuɗin da yake so, a auna filin da ma'aunin da ke duba zaizaya da ruwa da namun daji da tsada, waɗanda suka fi maki su samu shiga. Duk shekara a biya shi kuɗin haya, a kuma ɗauki har rabin kuɗin shuka ciyawar. Amma yawancin ƙasar noma dole a ci gaba da nomanta, don haka a 1996 aka ƙirƙiro EQIP, wanda ke taimaka wa gonar da ake aiki a kanta. Manomi ya je ofishin hukumar NRCS a gundumarsa, ma'aikaci ya zo ya zaga gonar, su tsara abin da za a yi: ko ramin tara kashin shanu, ko shingen da zai hana dabbobi shiga rafi, ko kwamin shayarwa nesa da gaɓa, ko kunyoyin da ke bin gangare a kaikaice don su rage gudun ruwa. In an amince, gwamnati na iya ɗaukar har kashi 75 cikin 100 na kuɗin, galibi bayan an gama aikin an duba. Akwai CSP, mai biyan manomi na shekara biyar don ya riƙe kyawawan hanyoyin da yake bi ya kuma ƙara wasu. Akwai kuma tsarin da gwamnati ke sayen haƙƙin sauya fili: fili na nan a hannun mai shi, yana iya kiwo ko sayarwa, amma an rubuta a takardarsa cewa ba za a kafce shi ko a yi gini a kai ba, wani lokaci har abada. A 2022 majalisa ta ƙara wa shirye-shiryen NRCS kimanin dala biliyan 19.5. Duk da haka, shekara da shekaru mafi yawan masu neman EQIP hannu rabbana suke komawa gida, kuɗin ba ya isa. Masu cewa manoma ba su damu da ƙasa ba sai su dubi wannan layin.

Ta fuskar zaizaya an ci nasara, babu gardama. Ƙididdigar Ma'aikatar Noma ta nuna ƙasar da ruwa da iska ke kwashewa daga gonakin Amurka ta ragu da fiye da kashi ɗaya cikin uku in aka kwatanta da 1982. Sai dai mafi yawan raguwar kafin ƙarshen shekarun 1990 aka samu, daga nan abin ya tsaya cik.

Haya kuwa wa'adi gare ta. A 2007 filayen da ke cikin CRP sun kai ƙololuwarsu, eka miliyan 36.8, kusan hekta miliyan 15. A daidai lokacin ne dokokin 2005 da 2007 suka wajabta haɗa man fetur da sinadarin itanol da ake tatsa daga masara. Buƙata ta ƙaru, fari ya zo a 2012, farashin masara ya ninka na 2005 fiye da sau uku. Da kiɗa ya canja rawa ma ta canja: duk wanda yarjejeniyarsa ta ƙare sai ya lissafa, ya ga hayar gwamnati ba ta kai abin da masara za ta ba shi ba, ya sa garma. Majalisa da kanta ta rage iyakar shirin zuwa eka miliyan 24 a dokar noma ta 2014, kafin dokar 2018 ta ɗaga ta zuwa miliyan 27. Ciyawar da aka biya shekara goma ana renonta, da ƙarfin ƙasar da ta tara, a kaka ɗaya aka juye su. Ba zan zargi manomin ba, yana da iyali da bashin banki. Laifin na gwamnatin da ke biya da hannun dama a bar ciyawa, tana kuma biya da hannun hagu, ta dokar itanol da tallafin inshorar amfanin gona, a tone ta.

Batun ciyawa ya cancanci a daɗe a kansa, domin ita ce aka fi rainawa. Daji in an sare shi kowa ya gani, kowa ya yi kuka. Filin ciyawa in an kafce shi, sai mutane su ce an raya wurin da ba kowa. Alhali dukiyarsa a ƙarƙashin ƙasa take. Wasu ciyayin asali saiwarsu kan nutse mita uku ko fiye, suna tara sinadarin kabon a ƙasa inda gobara ba ta kai masa, suna buɗe wa ruwan sama hanya ya shige ƙasa maimakon ya gudu a samanta. Doguwar ciyawar da ta taɓa rufe eka kusan miliyan 170 a Arewacin Amurka, yau abin da ya rage bai kai kashi 4 cikin 100 ba, akasarinsa a tuddan Flint na Kansas, inda duwatsu suka hana garma shiga. Wani bincike da aka buga a 2013 ya gano cewa tsakanin 2006 da 2011 kaɗai an mai da eka kusan miliyan 1.3 na ciyawa gonakin masara da waken soya a jihohi biyar: Dakota ta Arewa, Dakota ta Kudu, Nebraska, Minnesota da Iowa. Wani kuma na 2019 ya nuna tsuntsayen filin ciyawa na nahiyar sun ragu da fiye da rabi tun 1970, raguwar da ta fi ta kowane rukunin tsuntsaye.

Akwai bambanci mai girma tsakanin ciyawar da mutum ya shuka da wadda garma ba ta taɓa shiga ba. Ta farko iri kaɗan ne, ta biyu kuwa ɗaruruwan tsirrai ne da ƙwari da ƙwayoyin halittar cikin ƙasa da suka saba da juna tun zamanin da. Ba a mayar da ita da kuɗi. Don haka a ganina dalar da aka kashe wajen hana kafce filin asali ta fi wadda aka kashe wajen shuka sabo bayan an ɓata. Dokar 2014 ta ɗan gane wannan. Ta rage tallafin inshora na shekara huɗu ga wanda ya kafce ciyawar asali, amma a jihohi shida kawai. Ta kuma buɗe wani reshe na CRP da ke biyan mai fili ya ci gaba da kiwo, muddin bai mai da filin gona ba.

Wannan reshe ya nuna wani sauyin tunani. Da can ana ɗaukar saniya abokiyar gabar ciyawa ce. Yanzu an gane cewa ciyawar nan tare da bauna da gobara ta tashi, in ba a ci ta ba ko ba a ƙone ta lokaci-lokaci ba, itatuwa da ƙayoyi ne ke mamaye ta. Makiyayin da ke samun riba shi ne babban mai gadin filin, domin ranar da kiwo ya daina biyansa, ranar zai sayar wa mai tarakta. Abin da ke kashe fili shi ne yawan dabbobin da suka wuce ƙarfinsa da rashin ba shi hutu. A yankin Burren na ƙasar Ailan, inda al'ada ce a kai shanu tuddai su yi hunturu, an fara wani shiri a 2005 wanda daga baya ya koma biyan manomi gwargwadon lafiyar filinsa. A duba fili a ba shi maki har 10 bisa ga furanni da ciyayin da ke cikinsa da halin ruwansa, mai maki da yawa ya karɓi kuɗi da yawa, yadda zai kai ga makin kuwa an bar wa iliminsa. Sin ta bi hanyar da ta fi tsauri. Tun 2011 tana biyan makiyaya a yankuna irin su Mongoliya ta Ciki da Tibet don su daina kiwo a wasu filaye ko su rage dabbobi. Ciyawa ta farfaɗo a wurare, amma shinge da zaunar da makiyaya wuri guda sun tare musu yawon da shi ne da can ke ba fili hutu.

Shirin Sin na gangare ma bala'i ne ya haife shi. A 1997 Rawayan Kogi ya yi kwana 226 ruwansa bai kai teku ba, a 1998 kuma ambaliyar kogin Yangtze ta kashe dubban mutane. A 1999 aka fara gwaji a lardunan Sichuan da Shaanxi da Gansu, a 2002 aka faɗaɗa shi ƙasa baki ɗaya. Gonar da gangarenta ya wuce digiri 25 a bar nomanta, a biya manomi shekara 8 in ya dasa daji, shekara 5 in itatuwan marmari ne, shekara 2 kacal in ciyawa ce. Dubi inda aka ajiye ciyawa. Tuddan arewa maso yamma masu laushin ƙasa sun yi kore, lakar da Rawayan Kogi ke ɗauka ta ragu ƙwarai, ko da yake madatsu ma sun taimaka. Amma a busassun wurare itatuwan sun shanye danshin ƙasa, sun rage ruwan da ke isa rafuka, a inda ciyawa ce ta dace tun farko.

Sai ruwa, wanda nan ne aka fi kashe kuɗi ana ganin ƙaramin sakamako. Ruwa ba ya tsami banza. Abubuwa biyu ne ke ɓata shi daga gona bayan laka: naitrojin, wanda shi ne ƙarfin takin yuriya, da fosfaros. Yadda suke ciyar da masara haka suke ciyar da gansakuka in sun shiga tafki ko teku. Gansakukar ta yi yawa ta mutu ta nutse, ƙwayoyin da ke ruɓar da ita su shanye iskar oksijin ta ƙasan ruwa, kifin da zai iya gudu ya gudu, abin da ba zai iya ba ya mutu. Kogin Misisipi yana tattaro ruwa daga jihohi 31, ya zuba a mashigin tekun Meziko, inda duk bazara ake samun irin wannan matacciyar shiyya. Tun 1985 ake auna ta. A 2017 ta kai murabba'in kilomita kusan 22,700, mafi girma da aka taɓa gani. A watan Agustan 2014 kuma gubar gansakukar tafkin Erie ta sa aka hana mutane sama da 400,000 a Toledo ta jihar Ohio shan ruwan famfo kusan kwana uku.

Me ya sa dabarun da suka tsayar da zaizaya ba su tsayar da wannan ba? Domin naitrojin narkewa yake yi. Yawancin gonakin masara na Iowa da Illinois da maƙwabtansu da can dausayi ne, an binne bututu a ƙarƙashinsu don su tsane. Ruwan sama ya nutse da takin, ya shiga bututu, ya fito kai tsaye cikin magudana, ya wuce ta ƙarƙashin ciyawar da aka shuka a bakin rafi ba tare da ta taɓa shi ba. Masara da waken soya kuma wata huɗu zuwa biyar kawai suke yi a gona, sauran shekara ƙasa tsirara take, babu saiwar da za ta kama abin da ya rage. Fosfaros ma ya zo da nasa mamakin. Shuka ba tare da huɗa ba tana hana zaizaya ƙwarai, an daɗe ana ƙarfafa ta. Amma in ba a juya ƙasa, takin da aka watsa a sama nan yake taruwa, ruwa ya narkar da shi ya tafi. A yankin kogin Maumee da ke zuba a tafkin Erie, laka ta ragu amma narkakken fosfaros ya ƙaru tun tsakiyar shekarun 1990, kuma shi ne gansakuka ta fi saurin sha.

Magunguna akwai su, an kuma gwada. Shukar rufe ƙasa bayan girbi, wato ciyawa mai jure sanyi da ke riƙe takin har damina mai zuwa, tana aiki, amma kusan kashi 5 cikin 100 na gonakin Amurka kaɗai ake yi wa. Fadamar da aka gina a bakin bututu tana cinye kaso mai yawa na naitrojin kafin ya isa rafi. Masu binciken Jami'ar Jihar Iowa tun 2007 suka gwada ratsa gona da zirin ciyawar asali a kan kashi 10 cikin 100 na filin kawai, suka ga ƙasar da ke fita ta ragu da kusan kashi 95, fosfaros ɗin da ke bin ruwan saman ƙasa ya ragu da kusan kashi 90. Dokar 2018 ta sa wannan dabara cikin CRP. Abin da ta koyar shi ne wurin da aka sa abu ya fi yawansa muhimmanci. A kowane kwari ƴan filaye kaɗan ne ke zubar da mafi yawan gurɓata. Shirin sa-kai kuwa wanda ya ɗaga hannu yake ba wa kuɗi, kuma sau da yawa mai ɗaga hannun shi ne wanda dama yake kula da gonarsa. Mai filin da ya fi yoyo yana gida bai zo ba. A ƙara da cewa kusan kashi 40 cikin 100 na ƙasar noman Amurka haya ake nomanta, a Iowa fiye da rabi. Mai hayar shekara ɗaya ba zai zuba kuɗi a abin da sai bayan shekara goma zai biya ba, mai filin kuwa yana can birni yana jiran kuɗinsa.

Doka fa? Dokar tsabtar ruwa ta 1972 ta ɗaure masana'antu da wuraren tace najasa, amma ruwan sama da ya bi ta gonaki an cire shi daga ciki. Hukumar ruwan birnin Des Moines, wadda tun farkon shekarun 1990 take tafiyar da na'urar cire naitiret, wato narkakken naitrojin, daga ruwan kogunan Raccoon da Des Moines don kada ya wuce miligiram 10 a lita, iyakar da aka sa saboda lafiyar jarirai, ta kai hukumomin magudanan gonaki na gundumomi uku ƙara a 2015. Kotu ta kori ƙarar a 2017. Mutanen birni suka ci gaba da biya sau biyu: harajinsu na tallafa wa noma, kuɗin famfonsu na tace abin da noman ya zubar. Minnesota ta zaɓi doka, a 2015 ta wajabta zirin ciyawa na ƙafa 50 a bakin koguna da tafkuna. Turai tun 1991 ta ƙayyade naitrojin na kashin dabbobi a kilo 170 kowace hekta a shekara a yankunan da ke cikin haɗari. Danmak, da dokoki masu tsauri tun tsakiyar shekarun 1980, ta rage naitrojin da ke tsiyaya daga gonakinta da kusan rabi ba tare da nomanta ya durƙushe ba. Holan kuwa ta yi ta jinkiri har kotu ta soke tsarinta na kula da naitrojin a 2019, daga nan aka zo da gaggawa, manoma suka cika tituna da taraktoci.

Misalin da ya fi burge ni na birnin New York ne. Kusan kashi 90 cikin 100 na ruwansa daga tuddan Catskill da kwarin Delaware yake zuwa, ba a tace shi. A farkon shekarun 1990 hukumomin tarayya suka ce ko birnin ya gina matatar da za ta ci biliyoyin daloli, ko ya nuna yana kare ruwan daga tushe. Da fari ya kawo dokoki, masu kiwon shanun madara suka yi tawaye. Sai aka zauna aka daidaita: shiga ganin dama ne, birnin zai biya dukan kuɗin gyara, majalisar da manoma ke jagoranta ce za ta tafiyar da aikin, su kuma su tabbatar mafi rinjayen gonaki sun shiga. Fiye da kashi 90 cikin 100 na manyan gonakin yankin suka shiga, aka rattaba babbar yarjejeniya a 1997. Abin ya yi aiki ne don akwai mai biya guda da ya san abin da yake saya, yana auna ruwan kullum, ga kuma barazanar matata a bayansa. Misisipi ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Awo ne ƙashin bayan al'amarin, shi ne kuma aka fi yi wa rowa. Rahotannin gwamnati sukan ƙidaya kuɗin da aka raba da ekar da aka rubuta, domin su ne masu sauƙin ƙirgawa. Ba su faɗin ko manomin dama zai yi aikin ko ba a biya shi ba. Kotun binciken kuɗi ta Tarayyar Turai ta duba tsarin da aka kawo a 2013, wanda ya ɗaura kashi 30 cikin 100 na tallafin kai-tsaye a kan sharuɗɗan muhalli, ta ce a rahotonta na 2017 a kusan kashi 5 cikin 100 na ƙasar noma kaɗai ya sauya yadda ake aiki. Sauran kuɗin an biya mutane ne a kan abin da suke yi tun da.

Ko an yi komai daidai, ruwa ba ya saurin amsawa. Naitrojin da ya nutse cikin ƙasa shekaru da suka wuce yana nan yana tsatsafowa cikin rafuka, fosfaros kuma na kwance a lakar ƙasan tafki, wani sai ya yi shekara ashirin ko talatin kafin ya ƙare. Dokar noman Amurka kuwa kusan duk shekara biyar ake sabunta ta, ta 2018 ma da wa'adinta ya cika a 2023 tsawaita ta aka riƙa yi. Manomi ba ya iya tsara shekara goma a kan kuɗin da bai san ko zai zo baɗi ba, ɗan majalisa kuma ba ya iya nuna wa masu zaɓe kogin da ya gyaru kafin zaɓe. Kwamitin haɗin gwiwa na tarayya da jihohi ya ɗaukar wa kansa a 2001 cewa kafin 2015 zai rage matacciyar shiyyar tekun Meziko zuwa ƙasa da murabba'in kilomita 5,000. Da 2015 ta zo matsakaicin girmanta ya ninka haka fiye da sau biyu, sai aka ɗaga wa'adin zuwa 2035, aka bar hanyar yadda take.